Hisabin La'asar na Inna

Mu na Allah ne, kuma komai tsawon zama wajensa za a koma. Surukata, mahaifiyar maigidana, wadda kowa a gidan yake kira Inna, ta rasu ranar wata Talata a daminar bana, a gidanmu da ke cikin garin Rano. Jinyar ba ta yi tsawo ba. An yi mata sutura bayan Azahar, kuma da yake an kwana ana ruwa, masu haƙa suka ce ƙasar ba ta ba su wahala ba.

Abin da na ji a zaman makoki shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Washegari da hantsi matan ƙauyensu na can wajen Kibiya suka iso, sun cika adaidaita sahu maƙil. Muka shimfiɗa musu tabarma a rumfa, kusa da matan unguwarmu. Ana ta gaisawa ana ba juna haƙuri, sai matar limamin unguwarmu ta ce, "Allah ya jiƙan Inna. Baiwar Allah mai sanyin hali. Ni dai tun da na zo unguwar nan ban taɓa jin muryarta ta haura katanga ba."

Wata tsohuwa cikin baƙin, wadda goro ya rina wa haƙora, ta juyo ta dube ta.

"Wa kike nufi, 'yar nan?"

"Marigayiya mana."

Tsohuwar ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa. Na ɗauka kuka take, ashe dariya ce ta ƙwace mata. "Allah ya yafe mini, ya yafe mata," in ji ta. "Matar da in ta buɗe baki a bakin rijiya, wanda yake gona ma sai ya san da wa take yi?" Sauran matan ƙauyen suka sunkuyar da kai suna murmushi. Can kuma sai tsohuwar ta fashe da kuka na gaske, tana cewa shekarar da mijinta ya kwanta ciwo, tukunyar Inna ce ta ciyar da 'ya'yanta har aka yi kaka.

Matan unguwarmu suka yi ta kallon juna, kamar an kawo ta'aziyyar wata daban an sauke a gidanmu. Ni kuwa da nake zaune tsakanin tabarmin na san ba wadda ta yi ƙarya. Na zauna da matar da 'yan ƙauye suke faɗa, na kuma zauna da wadda 'yan unguwa suka sani. Abin da ya faru a tsakani shi nake so kada a manta, domin ba tsufa ne ya sanyaya Inna ba. Aiki ta yi a kan kanta, kullum bayan La'asar, a gaban idona.

Lokacin da aka kawo ni gidan ɗanta, Inna tana ƙauye tare da Baba, mahaifin maigidana, tana sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Tun kafin ka shiga zaure ƙamshin suya yake tarbarka. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, hannunta ya yi kanta saboda matsar tunkuza. Zuwana na farko na ce bari in nuna ni ma 'yar gida ce, na karɓi muciya zan tuƙa tuwon dawa. Ta tsaya a kaina tana kallo. Ban kai ko'ina ba ta zare muciyar daga hannuna.

"Matsa, 'yar boko. Wannan ba alli ba ne."

Ina koyarwa a firamare, shi ya sa ta faɗi haka, kuma sunan nan ya bi ni shekaru. Na koma ɗaki na yi kukana a ɓoye. Amma ranar da za mu tafi ta cika mini galan da mai, ta ƙulla ƙuli a leda, ta raka mu har bakin hanya tana gaya wa maigidana cewa in ya bari na rame, ita da shi ne.

Baba kuwa mutum ne mai shiru. In Inna ta fara, sai ya ɗauki butarsa ya nufi masallaci, ko da lokacin salla da saura. Abokansa har tsokanarsa suke yi, wai Inna ce ta mai da shi ɗan sahun gaba.

Baba ya rasu bayan an gama shigar da amfanin gona. Inna ta yi takabarta a ɗakinta. Da damina ta zagayo katangar gidan ta zube, ga ciwon gwiwa ya fara hana ta tsayuwa a gaban kasko. Yayan maigidana da ke zaune a Kano, wanda muke kira Yaya, ya zo suka yanke shawara ta dawo Rano wajenmu. Ta ce ba ta san zancen ba, gidan ɗa ba gidanta ba ne. Sai da aka haɗa da dattawan ƙauye sannan ta yarda. Aka ɗora gadonta da akwatinta a a-kori-kura. Awakinta ta rarraba wa dangi, kaskon suya ta bar wa wata maƙwabciya. Turmin ne ta daɗe a tsaye tana kallo kafin ta shiga mota.

Watannin farko ba su yi wa kowa daɗi ba. Mace ce da ta saba tun asuba tana ba da umarni, yanzu ta tashi ba abin yi. Sai ta share tsakar gidan da na riga na share. Ta ce abincin gas ba shi da ɗanɗano, ruwan burtsatse yana warin ƙarfe, yarana ba su iya gaisuwa ba. In na dawo daga makaranta, sai na tsaya a soro na ja numfashi kafin in yi sallama.

Akwai wata ƙwarya da ta taho da ita, mai zane a baki, ta mahaifiyarta ce. A ciki take dama fura. Wata rana babbar 'yata, wadda aka sa wa sunan Inna, ta ɗauki ƙwaryar za ta wanke mata don ta samu yabo. Lokacin ba ta daɗe da shiga firamare ba. Santsin sabulu ya ƙwace ƙwaryar, ta faɗi a kan siminti ta rabe. Inna ta fito. Abin da ta zazzaga wa yarinyar ba zan maimaita shi duka ba. Ta ce mata mai hannun banza irin na uwarta. Maƙwabta suka leƙo ta kan katanga. Yarinyar ba ta yi kuka ba, ta dai tsaya da ɓarin ƙwarya a hannu.

Daga ranar ta daina bi ta ƙofar ɗakin Inna. In za ta banɗaki sai ta zagaya ta bayan kicin. In aka aike ta da abincin Inna, sai ta ba ƙaninta.

Bayan 'yan kwanaki ina tsintar shinkafa Inna ta zo ta zauna kusa da ni.

"Me ya sa takwarata ba ta shigowa wajena?"

Na so in ce ai makaranta ce ta sha mata kai. Ban san abin da ya taka ni ba na ce, "Tsoronki take ji, Inna."

"Tsoro kamar yaya?"

"Kamar yadda nake jin tsoronki."

Na jira saukar aradu. Sai ta ɗauki wata tsakuwa daga cikin shinkafar ta yar, ta tashi da ƙyar tana dafa gwiwa, ta shige ɗaki. Ranar ko tuwon dare ba ta ci ba.

Da aka kwana biyu ta kira ni. "Malama, ba ki da ragowar littafin 'yan makaranta? Da biro."

Ranar ce ta fara ce mini Malama. Na kawo mata ina mamaki, domin ban taɓa ganin ta riƙe abin rubutu ba. Ashe mahaifinta malamin allo ne, kuma ya koya wa 'ya'yansa mata ajami kamar yadda ya koya wa maza. Ta juya littafin ta buɗe shi daga baya, ta riƙe biron kamar alƙalamin kara. In ta rubuta kalma biyu sai hannunta ya tafi gefe yana neman tawadar da zai tsoma, sai ta tuna, ta yi tsaki ta dawo da shi.

Na tambaye ta me take rubutawa.

Ta ce, "Babanmu kullum bayan La'asar sai ya zauna shi kaɗai yana motsa baki. Muna yara mun ɗauka lazimi yake. Sai da na girma ya gaya mini yinin ranar yake bi, yana tambayar kansa wa ya ɓata wa, wa ya kyautata wa. Shi yana iya riƙewa a ka. Ni in ban rubuta ba, gobe zan rantse ban faɗa ba." Ta ajiye biron. "Da can in na yi faɗa, sai in kama taɓarya, kafin in gama daka na manta. Ban taɓa tsayawa na ga inda maganar ta sauka ba. Yanzu ba turmi, sai ido."

Da yammacin nan ta sa aka kira mata yarinyar. Ta zo tana laɓewa a bayana. Inna ta ce, "Takwara, ƙwarya ce, dama ta tsufa. Ni ce ban kyauta ba. Ki yafe mini." Maigidana yana alwala a bakin rariya. Ya ajiye butar ya fita soro, ya daɗe bai dawo ba. Daga baya ya ce mini tun da aka haife shi bai taɓa jin kalmar nan ta fito daga bakin mahaifiyarsa ba.

Tun daga nan abin ya zama kamar wani lokacin salla. Tana idar da La'asar za ta jawo tabarma gindin darbejiyar tsakar gida, ta miƙe ƙafa, ta ɗora littafi a cinya. Wani lokaci layi biyu, wani lokaci shafi guda. Ba ɓoyewa take ba. A kan taga take ajiye shi, kuma in abin ya ba ta dariya sai ta karanta mana. A rubutun ba ta cika cewa "ni" ba, sai dai "matar nan", kamar wata maƙwabciya ce da aka ba ta amanar tarbiyyarta.

"Yau matar nan ta ce wa mai ruwa malalaci. Ba malalaci ba ne, tayar kurarsa ce ta fashe. Gobe a ba shi haƙuri, a ba shi kunu."

"Yau miyar Malama ta yi gishiri. Matar nan ta gani ta yi shiru. Amma ta tsuke fuska, ita ma magana ce."

Ranar Juma'a ba ta rubutu sosai, karatu take. Ta koma baya ta bi abin da ta rubuta cikin makon, tana gyaɗa kai ko tana tsaki. In azumi ya zo kuwa sai ta fito da tsofaffin littattafan gaba ɗaya daga akwati. Ta ce tana duba ko matar nan ta matsa, ko tana nan inda aka bar ta bara.

Yaya bai so abin ba. Da ya zo daga Kano ya ji tana karanta mana, sai ya ce, "Inna, abin da Allah ya rufa wa bawa ai ba a tona shi. Ki yi istigfari kawai, ki bar rubutun nan."

Inna ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne. Ta dubi gefe ta ce, "A gaya wa wancan na Kano, abin da ke tsakanina da Ubangijina a sujada nake kai shi, ba a takarda ba. Wannan da nake rubutawa wane rufi gare shi? Unguwa guda ta ji shi da kunnenta. Ni kaɗai ce ban ji ba."

Yaya ya yi dariya, bai sake tayar da zancen ba. Zuwansa na gaba ma shi ya kawo mata tabarau.

Kada wanda bai san ta ba ya ɗauka ta zama waliyiya. Ta shuka zogale da rama a bayan ɗakinta tana ji da su kamar jikoki. Wata rana aka bar ƙofa a buɗe, akuyar maƙwabta ta shigo ta yi musu aski. Ranar muryar Kibiya ta dawo cif. Ta bi akuyar har ƙofar gidan masu ita, ta ambaci akuyar, ta ambaci uwar akuyar, ta ambaci tarbiyyar gidan. Da La'asar ta zauna tana ta rubutu ba ɗagowa. Maigidana ya wuce ya ce, "Inna, yau biro zai ƙare." Ta harare shi ta saman tabarau, sannan ta karanta masa layin farko: "Yau matar nan ta koma gidan jiya." Kafin Magariba ta yafa mayafi ta shiga gidan maƙwabtan. Irin wannan ya yi ta raguwa, har aka zo shekarun da sababbin zuwa unguwa ba su san ta da shi ba.

Akwai shekarar da na yi ɓari, cikin ya riga ya yi nisa. Na dawo daga asibiti ina jiran abin da za ta ce, domin tun cikin yana ƙarami take cewa hawa babur zuwa makaranta kullum ba na mai ciki ba ne. Ba ta ce ba. Duk da ciwon gwiwarta ita ta dafa mini ruwan wanka, ta dama kunun kanwa ta tsaya sai da na shanye. Ta kwashe yaran zuwa ɗakinta don in samu barci. In ta ga ina hawaye sai ta zauna a bakin gado ta kama ƙafata tana matsawa.

Sai bayan shekaru, cikin wani azumi tana bin tsofaffin littattafai, ta ce, "Malama, zo ki ji." Ta karanta: "Yau maganar babur ta zo wa matar nan har maƙogwaro. Ta haɗiye. Yarinyar nan ta rasa ɗa, ba ta rasa mai yi mata faɗa ba." Ta cire tabarau ta ce, "Ranar nan na fi shan wuya da ranar da na haifi mijinki." Muka yi dariya har na share ido.

Amma babban abin da rubutun nan ya jawo shi ne zancen Yafendo.

Yafendo ƙanwar Inna ce, uwa ɗaya uba ɗaya, tana aure a Yalwa, nan kusa da Rano. Allah bai ba ta haihuwa ba. Da Inna ta yaye autarta mace, sai ta ba Yafendo riƙo. Yarinyar ta zauna a can har ta yi wayo, Yafendo kawai ta sani uwa. Sai ƙyanda ta kama ta, ta yi tsanani. Labari ya kai wa Inna a makare. Ta zo ta tarar da 'yarta a galabaice, ta saɓa ta a baya, kuma a gaban matan gidan ta ce wa ƙanwarta, "Da kin taɓa haihuwa da ba ki bar ta haka ba." Yarinyar ta warke a ƙauye, ba a mai da ta Yalwa ba. Daga nan 'yan'uwan biyu sai dai a haɗu a biki ko makoki a yi gaisuwar fatar baki. Har Auta ta girma ta yi aure ana haka. Ni kaina na daɗe a gidan kafin in san dalili.

Wata Juma'a Inna ta rufe littafi ta ce, "Malama, duk inda na buɗe sai in ga matar Yalwa. In na yi mafarki ita ce. In na ga Auta ta yi dariya, dariyarta ce. Na ba mai ruwa haƙuri, na ba masu akuya haƙuri. Ashe duk kewaye nake."

Ranar Asabar muka ɗauki adaidaita muka tafi Yalwa, ni da ita. Mun tarar da Yafendo tana murzar masara a tsakar gida. Siririya ce, doguwa, ba ta kama da Inna sai a ido. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa, ta koma kan masararta. Inna ta yi gyaran murya.

"Na zo ne a kan maganar da na faɗa miki ranar da na ɗauki yarinyar nan. Ƙarya na yi. Kin riƙe ta fiye da yadda zan riƙe ta. Ki yafe mini."

Yafendo ba ta ɗago ba. "Yaya, kin zo a makare. Lokacin da nake kwana da zanen yarinyar nan a hannu, kina ina? Maganar da kika faɗa, matan gidan nan sun yi shekaru suna maimaita mini ita in mun saɓa. Mijina ya mutu ba ki kwana a gidan nan ba. Yanzu da kika ga kabari ya matso kike so in wanke ki?"

Na dubi Inna. Na ga jijiyar wuyanta ta tashi, na ga leɓenta yana motsi. Na san wannan fuskar. Sai ta sa hannu ta jawo masara guda daga cikin tarin, ta fara murzawa. Haka suka zauna suna aikin, ƙwayar masara tana zuba a cikin kwano. Da rana ta yi sanyi Inna ta ce, "Duk abin da kika faɗa haka ne." Muka yi sallama.

Da muka iso gida Inna ta yi salla ta jawo littafi. Wannan karon ba ta karanta mana ba, ni ma ban tambaya ba.

Ta ci gaba da zuwa. Wani lokaci da ni, wani lokaci ita kaɗai. Yafendo tana karɓarta kamar baƙuwa, ruwa da tabarma. Har aka zo lokacin da Auta ta haihu. Kowa ya ɗauka gidanmu za ta zo wankan jego, na ma gyara ɗaki. Inna ta ce a'a.

"Ni gwiwa ba za ta bar ni in yi hidimar mai jego ba," in ji ta ga Auta. "Ki tafi wajen uwarki ta Yalwa."

Auta ta ce, "Inna, ai ban saba da ita ba. In ta ƙi fa?"

"Kin saba da ita, mantawa kika yi. In ta ƙi ki dawo, laifina ne ba naki ba."

Ni na raka Auta. Da muka yi sallama Yafendo ta fito, ta ga mai jego da jariri da kaya. Auta ta durƙusa ta ce, "Inna ce ta ce in zo gida wanka." Yafendo ta tsaya kamar an dasa ta. Sannan ta goge hannu a zane, ta karɓi jaririn, ta juya mana baya tana kallon bango. Abin da ta fara cewa shi ne, "Wa ya ɗaura wa yaron nan hula haka? Ku shigo, iska tana dukansa." Kafin in tafi ta riga ta hura wuta ta ɗora tukunyar wanka.

Ranar da Auta ta yi arba'in, Yafendo da kanta ta rako ta Rano. Ta shiga ɗakin Inna suka rufe ƙofa. Da suka fito idon kowacce ya yi ja, suna gardama a kan wace ce a cikinsu mahaifinsu ya fi duka a kan karatu.

A shekarun ƙarshe yanar ido ta rufe wa Inna gani, tabarau ya daina amfani. Na ɗauka shi ke nan an bar rubutu. Sai ta ce in dinga zama ina rubuta mata da boko. Na ce, "Inna, ai sai in ji komai."

"Dama wa ya fi ki ji?"

Haka muka koma. In na dawo daga makaranta na yi salla, sai in same ta a gindin darbejiya tana jira. Wata rana ta ce, "Rubuta: yau Malama ta makara, matar nan ta yi mata faɗa a zuci." Na rubuta. Ta ce, "Ƙara da cewa faɗan bai fito ba." Wata rana kuma ba laifi take faɗa ba. Sai ta ce in rubuta cewa ta ji ƙamshin suyar gyaɗa daga wani gida, ta tuna Baba, kuma ba ta ji ɗacin da take ji da can ba. Ko ta ce in rubuta cewa yau ta ce "gidanmu" tana nufin nan Rano, ba ta lura ba sai da maganar ta fita.

Da ciwon ajali ya kwantar da ita, Yafendo ta tattaro kayanta ta dawo ɗakin Inna. Ita take juya ta, ita take ba ta kunu a cokali. Ana jibi za ta rasu, bayan La'asar, na shiga na same ta ido a rufe, numfashi sama-sama. Na juya zan fita sai na ji ta ce, "Malama, kin zo da biron?"

Na zauna a bakin gado na buɗe littafi.

Ta daɗe tana tattara ƙarfi. Sannan ta ce, "Rubuta: yau matar nan ba ta yi wa kowa faɗa ba."

Yafendo tana gefe tana fifita kunu. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Don ba ki da ƙarfi ne, Yaya."

Sai ga Inna tana dariya, ƙirjinta yana rawa, har tari ya sarƙe ta muka ɗago ta. Da ta lafa ta lalubo hannun ƙanwarta ta riƙe.

"Rubuta wannan ma," in ji ta. "Gaskiya ta faɗa."

Na rubuta. Ba ta sake ba ni wani abin rubutawa ba.

Ya Allah, ga baiwarka nan ta zo maka. Ta yi wa kanta hisabi iyakar ƙarfinta tun tana cikinmu, ka sauƙaƙa mata naka. Ka yafe mata abin da ta tuna da abin da ta manta, ka yalwata mata makwanci, ka haɗa ta da Baba da iyayenta a gidan rahama. Mu da muka rage, ka ba mu ikon gyarawa tun muna da sauran lokaci. Amin.